A yi wa ɗaliban lafiya gwajin ciwon hanta kafin su shiga asibiti

Tun 2004 Nijeriya ta saka allurar ciwon hanta nau'in B cikin rigakafin yara. Ke nan akasarin matasan da ke karatu yanzu a Kwalejin Aikin Jinya ta Tambuwal, ko Kwalejin Fasahar Lafiya ta Sultan Abdurrahman da ke Gwadabawa, an haife su bayan soma ta. A takarda, kowa ya samu.

Sai dai ɗaliba daga Fakku, wadda ungozoma ta karɓi haihuwarta a ɗakin uwarta, wa zai rantse an yi mata? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 5 cikin 100 na yaran Sakkwato ne kaɗai suka kammala alluransu. Katin rigakafin kuwa, in ma an taɓa bayarwa, gara ta daɗe da cinye shi.

Ita allurar ba ta da laifi. A Alaska ta Amurka an bi sawun mutanen da aka yi wa a 1981 har shekara 30, aka tarar galibinsu suna da kariya. Ko garkuwar da ake aunawa a jini ta ja baya, jiki bai mance ba. Allura guda ta tuni kan farkar da ita. Matsalar tamu ita ce ba a san wanda ya samu ba, ga shi gobe za a miƙa masa sirinji. Tsinin allurar da ta taɓa jinin mai cutar na iya harbin mutum 3 cikin 10, yayin da na ƙanjamau bai kai 1 cikin 100 ba. Ƙwayar ciwon hantar kan yi kwana 7 a busasshen jini a kan tire tana da rai.

Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato da ta wajabta gwaji ga kowane sabon ɗalibi. Wanda ba shi da kariya a yi masa allura 3 cikin wata 6, a sake auna jininsa bayan wata 1 ko 2. Wanda aka samu da cutar a haɗa shi da likita, kada a kore shi. Kuɗin kuma gwamnati ta biya, domin manomin Kebbe da ya sayar da gero ya biya kuɗin makaranta ba zai ƙara sayar da wani buhun don gwaji ba.