Su Suna Ɗaurin Aure, Mu Muna Gaba

Yau kam ku yi haƙuri, ba ci gaban labarin soyayya na kawo muku ba, takaici ne ya sa ni ɗaukar biro.

Ni da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, mun shafe shekara biyu da 'yan watanni ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Dalili? Zaɓen gwamnan Kano na 2019, wanda aka ce bai kammalu ba aka sake a su Gama. Shi ɗan jar hula ne, ni ina ɗaya ɓangaren. A tsakar gida ya kira ni maci amana, na ce da shi ɗan jagaliya, Inna tana kuka tana roƙonmu. Aka yi sunan 'yarsa na ƙi zuwa.

Sai ga watan Agustan 2021, aka ɗaura auren ɗan Shugaba Buhari da 'yar Sarkin Bichi. Jiragen sama na ƙashin kai suka cika filin jirgin Malam Aminu Kano maƙil, wato sunan mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa kan talaka, sai ka ce da gayya. 'Yan APC da 'yan PDP ana ta rungumar juna ana ƙyaƙyata dariya. Har Atiku, wanda ya ja da Buhari zuwa Kotun Ƙoli a 2019, ya halarta. Wallahi ina kallon hotunan kunya ta rufe ni. To ni a kan wa nake gaba da jinina?

Ku duba mana. Kwankwaso da Ganduje sau biyu suna gwamna da mataimaki kafin su raba gari. Malam Shekarau a shekarar 2022 kaɗai jam'iyya uku ya taka: APC, NNPP, PDP. Su jam'iyya riga ce, in ta matse su tuɓe. Mu ne sakarkarun da muka mayar da ita addini, sojojin baka na zuga mu a rediyo kowane dare.

Wani zai ce ai nasa gwanin daban ne, ya yi gada, ya kai yara karatu waje. Na ji, ban musa ba. Amma da aka janye tallafin mai a 2023, gidan mai bai tambayi kowa launin hularsa ba. Yaran da aka kwasa bayan zanga-zangar yunwa ta Agustan 2024, waɗanda wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a kotu a Abuja, ku nuna mini ɗan gwamna ko ɗan sanata guda ɗaya a cikinsu.

Sati guda bayan bikin Bichi na tattara girman kaina na tafi gidan ƙanena. Ya karɓe ni, Allah ya saka masa. Yarinyar da na ƙi zuwa sunanta har ta iya magana. Da na miƙa mata hannu sai ta ruga ta ɓuya bayan uwarta tana cewa, "Umma, wane ne wannan?"