Jan launin da ya sa na kira Alhaji

Littafin bashin shagona na nan Kwatano ya koma Excel. Na kafa masa doka a layin mutum na farko: in ranar biya ta wuce, suna ya yi ja. Ranakun suna jerin D, sai na rubuta =$D$2<TODAY().

Daga nan na ɗauki ɗan burushin nan, Format Painter, na shafa wa sauran mutum biyar. Duk suka yi jawur. Ƙarshen wata ne, kuɗi sun yi wuya, ban ko duba ranakun ba na buga wa wani dattijo a Maraɗi da ya shekara yana karɓar atamfa a hannuna.

"Alhaji, ranka ya daɗe, lokaci fa ya wuce."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, saura kwana goma sha biyu. Ko ka fara shakkata ne?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Burushin bai yi laifi ba. Alamar dala da ke gaban 2 ita ta ɗaure dokar a layi na biyu, kowa ya bi ranar mutum na farko. Daidai shi ne =$D2<TODAY(): jeri a ɗaure, layi a sake. Maɓallin F4 yana sauya wurin alamar.

In kun kwafa, ku gwada da wanda kuka san ranarsa ba ta zo ba. Ni dai sai da na haɗa da turmi ɗaya na ban haƙuri.