Ido Ba Mudu Ba Ne

Ranar walimar ƙanwata na ɗauki nauyin haɗa abin sha na mutum hamsin. A gida kofi ɗaya nake haɗawa da ido, ya fito daidai. Da aka koma babbar roba sai tsami ya danne zaƙi, baƙi suka kurɓa suka ajiye. Hausawa sun ce ido ya san kima, amma ran nan nawa bai sani ba.

Masu haɗa koktel a Turai da Amurka, da giya ko babu, ba sa dogara da ido. Oza ɗaya a littattafansu kusan mililita 30 ce, wato babban cokali biyu. Sai dai asirin yana cikin kaso. Sananniyar ƙa'idarsu ita ce 2:1:1: kaso biyu na ginshiƙin abin shan, ɗaya na tsami, ɗaya na zaƙi.

Na gwada: ruwan citta biyu, lemon tsami ɗaya, ruwan sukari ɗaya, sannan ƙanƙara ta sassauta shi. Da cokali ko da ludayi, ɗanɗanon bai canza ba.

Matasanmu masu sana'ar abin sha a gidajen biki, ku rubuta kasonku a littafi. Wanda ya ajiye kofi bai sha ba, ba zai sake kiran ku ba.