Ku bar awara ta huta

A majalisu da teburan mai shayi magana ɗaya ake ta juyawa: wai waken suya yana rage wa namiji ƙarfi, don haka magidanci ya kauce wa awara. Wasu masu tallar magani da lasifika sun rungume ta, domin tsoron ne ke sayar musu da ƙulli. Maganar nan ba ta da tushe, kuma yara ne ke shan wahalarta.

Asalin jita-jitar wani sinadari ne da ke cikin waken, aisofilabon, wanda ƙirarsa ta ɗan yi kama da ta sinadarin mata. Amma kama da wane ba ta wane. A 2010 masana a Amurka sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan maza masu cin waken suya ko furotin ɗin da aka tace daga cikinsa, ba su ga sinadarin mazakuta ya ragu ba. A 2021 aka sake, da gwaje-gwaje 41, sakamakon bai canza ba. Mutanen Sin kuwa sun shafe ƙarnuka suna cin awararsu, ba a ji haihuwa ta gagare su ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne raina aikin da mata masu yin awara ke yi a tsakar gida. Su jiƙa wake, su kai niƙa, su tace dusa, su tafasa madarar, su zuba ruwan tsami furotin ya dunƙule, su matse. Wannan tace furotin ne daga ƙwaya, wanda kamfanoni ke yi da injuna su zuba a gwangwani su tsawwala kuɗi. Tafasawar ma da dalilinta: zafi ke karya sinadarin ɗanyen wake mai hana narkewar abinci. Sama da kashi ɗaya cikin uku na waken suya furotin ne.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure. Nama da ƙwai sun fi ƙarfin talaka. A irin wannan hali, uban da ya hana awara shiga gidansa saboda zancen majalisa ya cuci 'ya'yansa. In tsoro ake so a ji, a duba man da ake ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi, da alif ɗin da wasu ke zubawa maimakon ruwan tsami.