SHARHI: Daga gadon gwaji na Toulouse zuwa Arlit, wa zai duba zuciyar tsofaffin ma'aikatan yuraniyom?

A shekarar 2023 wasu maza 12 masu ƙoshin lafiya sun kwanta a cibiyar MEDES da ke Toulouse a Faransa, ba su sake miƙewa tsaye ba sai bayan kwana 60. An karkata gadajensu ta yadda kai ya yi ƙasa da ƙafa da digiri 6. A kwance suke cin abinci, a kwance suke wanka. An biya kowannensu yuro 18,000, kusan miliyan 12 na CFA.

Manufar ita ce a kwaikwayi halin da jiki ke shiga a sararin samaniya, inda babu nauyi. A doron ƙasa nauyi na jan jini zuwa ƙafafu, dole zuciya ta yi aiki ta tura shi sama. Idan nauyin ya kau, jini na taruwa a ƙirji da kai, jiki ya ɗauka ruwa ya yi masa yawa, sai ya rage. Zuciya ta samu hutun da ba ta saba ba, ta soma raguwa. Shi ya sa wasu 'yan sama jannati jiri ke kwasar su idan suka dawo suka miƙe tsaye.

Abin da ake bibiyar wannan sauyi da shi ba baƙo ba ne a wurinmu. Na'urar nan ce da ake duba mai juna biyu da ita, wadda a Najeriya ake cewa sikanin, a Nijar kuma ekografi. Tun 1982 Jean-Loup Chrétien, Bafaranshen farko da ya je sama, ya yi aiki da irinta a tashar Salyut 7 ta Tarayyar Sobiyet. A 2014 wani bincike kan 'yan sama jannati 12 ya nuna zuciyarsu ta ƙara zama ƙwallo-ƙwallo da kashi 9.4 cikin ɗari.

Amma abin da ya shafe mu shi ne dabarar da aikin ya haifar. Babu likitan zuciya zaune a tashar sama, don haka aka koyi yadda wanda ba likita ba zai riƙe na'urar, ƙwararre yana ƙasa yana kallon hoton yana ce masa matsa dama, danna kaɗan. Masu bincike a birnin Tours, irin su Philippe Arbeille, sun kai ga ƙera hannun mutum-mutumi da likita ke juyawa daga nesa.

To, Arlit ma nesa take. Kimanin kilomita 240 ne daga Agadez, fiye da 1,000 daga Yamai, kan hanyar da duk direban da ya bi ta zai ba ka labarinta.

Daga wannan yanki SOMAÏR ke haƙo yuraniyom tun 1971. Ramin COMINAK na Akokan kuwa an rufe shi ranar 31 ga Maris, 2021, aka sallami ma'aikata kusan 600, ban da na 'yan kwangila, aka bar tulin sharar da ta kai tan miliyan 20. Ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen da cibiyar CRIIRAD ta Faransa sun shafe shekaru suna ƙorafi kan ƙura, ruwan sha da ƙarafan da ke fita daga ma'adinan zuwa cikin gari. A 2011 kamfanin Areva, wanda ya koma Orano, ya kafa hukumar OSRA don bibiyar lafiyar tsofaffin ma'aikata. Shekara guda bayan nan ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa, wadda da ita aka ƙulla yarjejeniyar, ta janye tana cewa aikin bai taka kara ya karya ba.

A watan Yunin 2025 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta mayar da SOMAÏR mallakin ƙasa. An yi ta muhawara kan hannun jari, kotunan sasanci da wanda zai sayi yuraniyom ɗin. Maganar da ba a cika ji ba ita ce ta jikin mutanen da suka haƙo shi. Wanda ya karɓi ma'adini ya karɓi wannan nauyin ma, ko da kuwa bai sauke shi daga wuyan Orano ba.

Kada a yi wa na'urar kallon maganin komai. Ba ta auna tururin nukiliya a jiki, ba kuma da ita ake tabbatar da kansar huhu ba. Abin da take gani shi ne abin da ke biyo baya: idan ƙurar dutse ta lalata huhu shekara da shekaru, ɓangaren dama na zuciya ne ke wahala, ya kumbura, kuma hoton na nuna hakan. Tana kuma gano ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, kuma har yau maijego mai haki da kumburin ƙafa kan daɗe a gida ana cewa jego ne.

Ba sai an jira Toulouse ba, musamman yadda dangantaka ta yi tsami tsakanin Yamai da Paris. Yanzu akwai ƙananan na'urori irin Butterfly iQ da ake haɗawa da wayar hannu, wadda ta fito kasuwa kan kusan dala 2,000. Ƙungiyar 'yan Agadez mazauna waje za ta iya sayen ɗaya da kuɗin karo-karo. Sayen ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen horar da ma'aikacin jinya, samun intanet da lantarkin da ba sa yankewa, da likitan zuciya a Yamai da za a biya shi ya zauna ya karanta hotunan a ranar da aka tsayar. Idan kuma an gano ciwon, sai an samu maganin a Arlit, in ba haka ba an ƙara wa mutum fargaba ne kawai.

Akwai kuma batun takardu. Duk wanda OSRA ta taɓa dubawa yana da fayil, kuma da shi ne likita zai kwatanta jiya da yau. Ya kamata ma'aikatar lafiya ta bayyana a hannun wa fayilolin suke, kuma ko tsohon ma'aikacin da ya koma Tahoua ko Zinder zai iya karɓar nasa.