Kwamfutar da ke mutuwa ta tashi da kanta

Muna tsakiyar buga babi na uku na aikin da za mu miƙa ranar Litinin, sai allon kwamfutar tebur ɗinmu ya koma shuɗi. Kafin mu karanta ko kalma ɗaya, ta mutu ta sake tashi. Sau huɗu a yini guda! Da farko ɗaukewar wuta muka zarga, amma fanka na ta juyawa abinta.

Ashe shuɗin allon nan saƙo ne (a sababbin Windows 11 ya koma baƙi). Windows ce ke faɗin abin da ya kayar da ita, sai dai an saita ta ta sake kunna kanta nan take, don haka saƙon ke ɓacewa.

Hana ta ba wuya. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta sysdm.cpl, a danna Enter. A shiga "Advanced", a ƙarƙashin "Startup and Recovery" a danna "Settings", sannan a cire alamar da ke gaban "Automatically restart", a danna OK. In ta makaranta ce, a nemi izinin mai kula da ɗakin tukuna. In kuma ta ƙi buɗewa sam, masu Windows 7 su riƙa danna F8 tana tashi, za su ga zaɓin a jerin da zai fito.

Wannan fa ba magani ba ne. Za ta sake faɗuwa, abin da ba a adana ba zai tafi, kuma yanzu da hannu za a kashe ta a kunna. Ribar ita ce allon zai tsaya har mu ɗauki hotonsa da waya.

Tamu MEMORY_MANAGEMENT ta rubuta, wanda galibi ke nuni ga RAM. Da sunan fayil mai ƙarewa da .sys ya fito, da sai a fara zargin manhajar da ke tafiyar da wani sashe, kamar katin hoto.

Mai gyara har ya ce sai dai a goge komai a sake zuba Windows. Muka nuna masa hoton. Ya zare RAM ɗin, ya kakkaɓe ƙurar hunturu da ta cika ramin, ya mayar. Babinmu na nan, mun miƙa ranar Litinin.