Ra'ayinmu: Darajar Unguwa Tana Hannun Mazaunanta

Yawancinmu da ke karatu a wannan jami'a, ko ba daɗe ko ba jima, za mu fita mu kama aiki, a ba mu gida a kwatas ko mu kama haya a unguwar ma'aikata. Waɗansu daga cikin masu karanta wannan mujalla ma tuni sun tare. Saboda haka muka ga ya kyautu a wannan fitowa mu ɗan jingine maganar abinci da ɗakunan kwana, mu dubi wata tambaya da ke jiranmu a bakin ƙofar fita, watau wane ne ke da alhakin riƙe darajar layin da mutum yake zaune? Amsar da ta fi gamsar da mu daga wata 'yar unguwa ta ƙasar Faransa ta fito, don haka muna roƙon mai karatu ya biyo mu can tukuna.

A cikin 1924 wani attajiri mai masana'antar sukari, Henry Frugès, ya nemi shahararren mai zayyanar gine-ginen nan, Le Corbusier, ya tsara wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje a garin Pessac, kusa da birnin Bordeaux. An yi niyyar gina fiye da ɗari, amma 51 kaɗai aka gama, aka buɗe su a 1926. Gidaje ne na kankare, ba ado ba zane, rufinsu shimfiɗaɗɗe yadda mutum zai hau ya sha iska, tagoginsu dogaye a kwance, an shafe bangayensu da shuɗi da kore da ja da fari. Mutanen wurin ba su taɓa ganin irinsu ba, har suka riƙa yi wa wurin ba'a suna ce masa unguwar Maroko. Mu da muka tashi a ƙarƙashin soro, wannan zagi dariya zai ba mu. Ga shi kuma an yi jinkirin jawo ruwan famfo, gidajen suka shafe kusan shekara uku babu kowa a ciki.

Da talakawa suka saya suka shiga, sai kowa ya shiga gyara nasa yadda ya ga dama. Wanda rufinsa ke yoyo ya ɗora masa rufi mai doro irin na kakanninsa. Wani ya tsuke taga, wani ya toshe baranda ya mai da ita ɗaki, wani ya sāke fenti. Masana da yawa suka ce an ɓata aikin gwani. Amma a 1969 wani mai bincike, Philippe Boudon, ya fitar da littafi bayan ya zauna da mazaunan ya ji ta bakinsu, ya nuna cewa gyare-gyaren nan shaida ce mutane sun karɓi gidajen, sun mai da su nasu. Duk da haka unguwar ta ci gaba da tsufa, siminti yana zubewa, ƙarfe yana tsatsa.

Abin da ya juya labarin ba daga ofis ya fara ba. A shekarun 1970 wani mazauni ya ɗauki nauyin mai da gidansa kamanninsa na asali. A 1980 Gwamnati ta sa wannan gida cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare. A 1983 hukumar garin ta sayi gida ɗaya, wanda daga baya ya zama wurin da baƙi ke zuwa kallo. Maƙwabta suka fara bin sahu ɗaya bayan ɗaya, aka kafa ƙa'idojin gyara da suka shafi unguwar baki ɗaya, hukuma kuma ta riƙa tallafawa da kuɗi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa unguwar cikin ayyuka 17 na Le Corbusier da aka amince su zama gadon duniya. Gidaje 50 suka rage, domin ɗaya ya rushe a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma mafi yawansu har yanzu iyalai ne a ciki, suna girki suna shanya.

To, ina ruwanmu da Pessac? Ruwanmu shi ne wannan salon gini ya iso ƙasarmu. Maxwell Fry da Jane Drew, waɗanda suka zayyana manyan gine-ginen Jami'ar Ibadan a shekarun 1950, sun yi aiki tare da Le Corbusier a birnin Chandigarh na Indiya. Gidajen malamai da na ma'aikata da aka gina a Samaru da Kaduna da Kano gab da samun mulkin kai da bayansa suna ɗauke da kamannin wannan salo: baranda mai faɗi, tagogi suna duban juna don iska ta ratsa, bulo mai huda, da rumfar siminti mai tare rana. Su ma ba a tsara su don irin zamanmu ba. Babu zaure, babu tsakar gida, babu inda uwargida za ta kafa murhu ko ta yi daka ba tare da idon mai wucewa ba. Iyayenmu suka yi abin da mutanen Pessac suka yi: suka ja zana, suka mai da gareji wurin karɓar baƙi, suka shuka mangwaro da darbejiya. Ba mu ga laifinsu ba ko kaɗan, gama gida na mai kwana a ciki ne.

Laifin da muke gani wani ne dabam. Muddin gidan na Gwamnati ne, mazauni ya ɗauke shi kayan da ba mai shi, famfo ya fashe ya zauna jiran ma'aikatar ayyuka har bango ya ruɓe. Da aka kawo tsarin biyan ma'aikata kuɗi maimakon ba su gida a 2003, aka kuma sayar da gidajen Gwamnati da dama, sai ciwon ya sāke kama. Wanda ya saya ya sare itatuwa, ya ta da katanga har ba a hango rufi, ya ɗora mata waya mai ƙaya, ya mai da lambatun ƙofarsa juji. Ciki tas, waje kaca-kaca. Mun san akwai tsoron ɓarayi, kuma ba mu raina shi ba. Amma layin da maƙwabta ba su san sunan juna ba ya fi kowane daɗin shiga ga ɓarawo, domin ba mai iya bambanta baƙo da ɗan gida.

Shawararmu ga 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata ba mai tsada ba ce. Ran da ka tare, ka bi gida gida ka gai da maƙwabta, gama zumunta a ƙafa take. Ku kafa ƙungiyar layi, ku yi ɗan asusu, ku sa ranar aikin gayya don yashe lambatu da gyaran fitila. Wanda zai yi ƙari a gidansa ya yi, amma ya shawarci na kusa da shi, ya dubi tsayin katanga, kada ya toshe wa kowa iska, kada ya taɓa itacen da ya girme shi. Ɗalibanmu masu koyon zayyanar gini da na tarihi kuwa, muna kiransu su fita da abin awo da na ɗaukar hoto su adana kamannin waɗannan gidaje, su kuma rubuta labarin waɗanda suka zauna cikinsu, tun kafin a rushe a kafa shaguna. Hukumomi su ma su ware ko da layi ɗaya a kowane gari su kare shi da doka.

Amma kada mu zauna jiran hukuma. A Pessac mutum ɗaya ne ya fara, sa'an nan doka ta biyo baya. Unguwar da aka yi wa ba'a jiya, yau daga ƙasashe masu nisa ake zuwa kallonta, ba don gwanintar mai zane kaɗai ba, har da cewa waɗansu talakawa sun ƙi yarda layinsu ya mutu. Lalle namu layukan ma suna jiran wanda zai fara. Kowa ya gyara ya sani.